Kafin a Sayi Caja, a Duba Fis ɗin Gida

 Shirinmu na yau zai leƙa Birtaniya, inda gwamnati ke ba magidanta a Ingila da Wales tallafin fam 7,500 don su cire tukunyar ɗumama gida mai amfani da gas, su sa na'urar da ke jawo zafi daga iskar waje ta ɗumama gida. Motoci masu amfani da lantarki ma sai ƙaruwa suke yi. Duk wannan abin so ne, amma akwai tambayar da mutane da yawa ba sa yi sai bayan sun biya kuɗi: wutar gidan za ta iya ɗaukar lodin?

Amsar tana cikin wani ɗan akwati kusa da mita, inda babban fis yake. A gidajen ƙasar, yawanci fis ɗin na amp 60 ne, ko 80, ko 100, kuma tsofaffin gidaje da dama suna kan 60 ɗin.

To, mu yi lissafi tare. Cajar mota ta kilowat 7 tana jan amp 32, kuma ba na minti biyar ba, tana iya kwana tana ja. Shawa mai lantarki ta kilowat 9.5 tana jan kusan amp 41. Waɗannan biyun kaɗai sun kai 73, ba a kunna na'urar ɗumama gida ba, ba a ɗora girki ba. Wanda ya ga yadda taransifomar unguwa ke yi idan lodi ya yi mata yawa, ya san sauran zancen. Sai dai a Birtaniya, abin yakan faru ne a tsakiyar hunturu, da yara a gida.

'Yan'uwanmu mazauna Landan da Manchester, ku saurari wannan da kyau: fis ɗin nan ba na maigida ba ne, na kamfanin rarraba wutar yankin ne, kamar UK Power Networks a Landan. Kada ku ɓalle hatiminsa, kada kuma ku dogara da lambar da ke rubuce a jikin akwatin, domin wani lokacin ta fi ƙarfin fis ɗin da ke ciki. Ku kira ƙwararren ma'aikacin lantarki ya auna lodin gidan, shi zai sanar da kamfanin, ko ya nemi izini kafin aiki idan lodin ya wuce amp 60.

Ku kuma tambaya ko kebul ɗaya kuke rabawa da maƙwabci. Idan haka ne, mai yiwuwa sai an ja muku naku, kuma hakan na iya cin makonni. Akwai caja masu rage jan wuta da kansu idan gida ya yi nauyi. Ku nemi irinsu tun wajen ciniki.