Yadda Injin Mota Ke Sanin Iskar da Ya Shaƙa

Fetur ba ya cin wuta shi kaɗai, sai da iska. A injin fetur, kowane giram ɗaya na mai yana bukatar kusan giram 14.7 na iska kafin ya ƙone tas. In mai ya yi yawa, salansa ta yi ta fitar da baƙin hayaƙi, filogi ya yi baƙi ƙirin. In kuma iska ce ta rinjaya, mota ta riƙa shiƙa tana rasa ƙarfi. A da kafireto ne ke wannan haɗin. Yanzu kuwa kwamfutar da makanikai ke kira ƙwaƙwalwar mota ce ke yanke yawan man da nozul zai fesa, ita kuma ba ta da hanci, ba ta da ido. Abin da sensa ta gaya mata, da shi take aiki.

Sensar da ta fi ba ni sha'awa ita ce wadda ake kira MAP, 'yar baƙar roba da ba ta wuce akwatin ashana ba, a maƙale jikin manifol, wato bututun da ke raba iska ga silindoji. Ba ta ƙirga iskar da ke wucewa. Matsinta kawai take aunawa.

Iskar da ke kanmu tana da nauyi. A bakin teku matsinta ya kai kimanin kilofaskal 101. Idan mota tana silo, ƙofar totur kusan a rufe take, fistoci kuma suna ta zuƙa, kamar mai tsotsar tsinken lemo da aka matse bakinsa. Sai matsin cikin manifol ya faɗi zuwa wajen 30. Da direba ya taka totur har ƙasa, ƙofa ta buɗe, iska ta kwararo, matsi ya haura kusa da na waje. Ke nan matsin manifol shi ne madubin wahalar da injin ke sha.

To, yaya ake auna shi? A cikin sensar akwai wani ɗan faifan silikon siriri ƙwarai, kamar fatar kalangu. A ƙarƙashinsa akwai ɗan ɗaki da aka zuƙe iskarsa aka liƙe tun daga masana'anta, samansa kuma yana fuskantar iskar manifol. Matsi na ƙaruwa, faifan na lanƙwasa, lanƙwasar da ido ba zai gani ba. A jikinsa an dasa 'yan hanyoyin lantarki guda huɗu waɗanda tsaurinsu ga wuta ke canjawa idan an ja su ko an matse su. Kwamfuta tana aika volt 5 ta waya ɗaya, waya ta biyu ta ƙasa ce, ta uku kuma ita ke komar da amsa: wajen volt 1 zuwa 1.5 a silo, kusan 4.5 in an buɗe totur gaba ɗaya. Daga nan sai ta haɗa wannan da gudun juyawar injin da zafin iskar, domin iska mai zafi ba ta kai mai sanyi nauyi ba, ta fitar da lissafi.

Wannan ɗaki marar iska shi ne hikimar abin. Da shi ake gwadawa, ba da iskar waje ba, shi ya sa sensar ke gane tudu. Motar da ta tashi daga Legas ta hau Jos, mai tsayin kusan mita 1,200, za ta tarar matsi ya sauka ƙasa da kilofaskal 90. Da an murɗa makulli, kafin injin ya tashi, kwamfuta ta karanta matsin garin ta rage mai daidai da shi.

Dabarar ta daɗe. A 1967 kamfanin Bosch na Jamus ya fito da tsarin D-Jetronic a motar Volkswagen 1600, kuma harafin D ɗin daga kalmar matsi yake a Jamusanci. Wasu motocin suna amfani da wata sensar dabam, MAF, mai siririyar waya da ake zafafawa, iskar da ke wucewa tana sanyaya ta. Ƙurar hunturu na damun wannan sensar ta MAF sosai in matatar iska ta lalace.

Abin da ke min ciwo shi ne yadda ake saurin yanke wa sensar hukunci a gareji. Na'urar bincike ta nuna lambar matsala P0106 ko P0108, sai a ce a sayo sabuwa. Alhali a motocin da sensar ke haɗe da manifol ta ɗan tiyo, sau da yawa tiyon ne ya bushe ya tsage. Iskar waje ta shiga ta tsagar, sensa ta ga matsi ya hau, kwamfuta ta ɗauka an taka totur, ta yi ta zuba mai alhali mota na tsaye. Makanike mai natsuwa yakan fara da murza tiyon a yatsa yana neman tsaga, ya duba ko baƙin mai ya toshe ɗan ramin sensar, sannan ya ɗora mita a wayar amsa, ya sa yaronsa ya taka totur, shi kuma idonsa na kan lambar yana kallon ko za ta hau ta sauko.