Laifin da Ake Ɗora wa Tunani

Shekara bakwai gwaggona ta yi tana fama da zafin ƙirji da ciwon ciki, kuma duk wanda ya zo dubiya maganar ɗaya ce: "Hajiya, ki rage tunani." Tun rasuwar maigidanta aka yanke wa ciwon hukunci: olsa ce, tunani ne ya kawo ta, maganinta haƙuri da madara. Ita ma ta yarda. A gefen gadonta kullum akwai kwalbar farin maganin nan mai ɗanɗanon alli, da ƙullin ƙwayoyin ciwon gwiwa da yaro ke sayo mata a kemis, ja da fari, babu kwali babu suna. Ranar da aka kai ta asibiti tana aman jini, abin da likita ya fara tambaya shi ne, "Mama, wane maganin ciwon jiki kike sha?"

Abu biyu ne ke haddasa mafi yawan gyambon ciki. Na farko wata ƙwayar cuta ce mai suna Helicobacter pylori, wadda ke maƙalewa a bangon tumbi, galibi ma tun ƙuruciya ake ɗaukarta. A 1982 wasu likitoci biyu a birnin Perth na Ostireliya, Robin Warren da Barry Marshall, suka gano alaƙarta da ciwon. Abokan aikinsu suka yi musu kallon masu neman suna, don a lokacin likitocin Turai ma irin maganar 'yan dubiyar gwaggona suke yi. Da abin ya ishi Marshall, a 1984 ya shanye ruwan da ya cika da ƙwayoyin, cikin 'yan kwanaki tumbinsa ya kumbura yana ta amai. A 2005 aka ba su lambar yabo ta Nobel. Na biyu kuwa magungunan kashe zafin ciwo ne irin su ibuprofen da diclofenac da aspirin, waɗanda ke cinye kariyar bangon tumbi idan aka daɗe ana sha. Su ne suka kwantar da gwaggona.

Damuwa tana da ɗan hannu a nan, amma na 'yar rakiya: takan ƙara wa mai olsa raɗaɗi, ta hana shi cin abinci, ta ƙara wa mai shan taba yawan kara. Madara kuma tana lafar da zafin na ɗan lokaci, daga baya ta sa tumbi ya ƙara zubo ruwan tsami. Idan gwajin bahaya ko na numfashi ya nuna ƙwayar cutar, maganin kimanin mako biyu ne.

Zancen cewa tunani ne ke kawo hawan jini ya fi wuyar warwarewa, don rabinsa gaskiya ne. Idan mai Keke Napep ya shiga cunkoso, fasinja na yi masa tsiya, ga kuɗin balas bai haɗu ba, wasu 'yan halittu da ke saman ƙodarsa sukan saki sinadaran adrenaline da cortisol. Zuciya ta ƙara gudu, jijiyoyin jini su tsuke, awo ya hau. Da hanya ta buɗe, rai ya yi sanyi, sai ya sauka. Wanda ya shekara cikin irin wannan hali, ba barci ba hutu, haɗarinsa ya fi na wanda ke zaune lafiya. Amma cutar hawan jini mai zama daram tana da manyan iyaye: gado, shekaru, ƙiba, rashin motsa jiki, da gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 na gishiri a rana, wato ƙasa da cikin ƙaramin cokalin shayi, kuma lissafin ya haɗa da dunƙulen da ake jefawa biyar-biyar a tukunya da yajin tsire.

Inda jita-jitar ke kisa shi ne nan. Mutum ya aurar da 'yarsa, ya biya bashin kayan ɗaki, ya ce alhamdulillahi hankalina ya kwanta, sai ya ajiye maganin. Hawan jini kuwa yawanci ba ya sallama. Mutum na cikin raha awonsa ya wuce 140 bisa 90 bai sani ba, sai ranar da ɓarin jiki ya shanye. Na'urar awo ce kaɗai ke faɗin gaskiyarsa.

Akwai maganar da 'yan boko ke yi wa dariya alhali tana da tushe: "ya haɗiyi zuciya ya mutu." A 1990 likitocin Japan suka bayyana wani ciwo da suka kira takotsubo, sunan wani tulu da masuntansu ke kamu da shi a teku, saboda kamannin da zuciya ke ɗauka. Mummunan labari, kamar rasuwar ɗa ko miji, yakan sa tsokar zuciya ta yi rauni farat ɗaya, da ciwon ƙirji da sarƙewar numfashi. Ya fi kama matan da suka daina al'ada. Mafi yawa suna warkewa cikin makonni, wasu kuma ba sa tashi. Don haka idan uwa ta dafe ƙirji a wurin zaman makoki, a bar ba ta ruwa da haƙuri kawai, a nemi mota.

Furfura kuwa gado ne ya fi yanke mata lokaci, ko da yake a 2020 masu bincike a jami'ar Harvard sun nuna cewa tsananin firgici yana ƙarar da ƙwayoyin da ke ba gashi launi. A jikin ɓeraye suka gani.

Sai magungunan da muke ba kanmu. Goro da shayi mai kauri suna ɗauke da caffeine, wanda rabinsa ke nan a jini bayan kimanin awa biyar. Mai tauna goro bayan isha'i yana kukan rashin barci, shi ya sayi abinsa da kuɗinsa. Mai taba yana jin sanyi idan ya zuƙa, amma ƙishirwar da tabar ta haifar ce ta lafa. Mafi muni su ne kodin da tramol da ƙwayoyin barci, waɗanda matasa da matan aure da yawa suka fara da sunan "in manta damuwa". Gwamnatin Najeriya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018, amma damuwar da ta kai mutane ga kwalbar tana nan. Abin da aka tabbatar yana taimakawa ba shi da kwalba: barcin awa bakwai ko fiye, tafiyar ƙafa da sauri ta kai minti 150 a mako, jan numfashi a hankali idan rai ya ɓaci, da samun wanda za a amayar wa abin da ke ciki.

Wannan na ƙarshe shi ake toshewa da cewa damuwa raunin imani ce. Ni dai ban ga inda aka samo ta ba. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, malaman sira shekarar baƙin ciki suke kiranta, kuma Annabi Yaƙub ya yi jimamin Yusuf har idanunsa suka yi fari. Addu'a da ganin likita ba kishiyoyi ba ne. Idan mutum ya haura mako biyu ba ya jin daɗin komai, barci da abinci sun gagara, ko yana tunanin gara ya mutu, abin ya wuce gajiyar yau da gobe. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Kware da Maiduguri, kuma ba sai wanda ya yi tsirara a kasuwa ake kaiwa can ba.

Gwaggona ta warke bayan an raba ta da ƙullin ƙwayoyin nan an ba ta maganin da ya dace. Har yau idan aka ambaci marigayi takan yi shiru ta goge ido da gefen mayafi, sannan ta jawo kwanon tuwonta, da yaji.