Kwana Uku a Bakin Tabkin Madarumfa Cikin Damina

Tun kaka da kakanni, Bahaushe ba ya ɗaura tafiya cikin damina. Fatake su kan jira a kai amfanin gona gida kafin su ɗora wa jakuna kaya, ƴan ci-rani kuwa sunansu ma ya faɗi lokacin fitarsu. Saboda haka da na shaida wa abokan aikina a Yamai cewa zan kashe kwana uku na hutuna ina yawo da ƙafa a bakin tabkin Madarumfa, cikin tsakiyar watan Agusta na 2022, sai suka yi mini dariya. Ɗaya daga cikinsu ya ce in haƙura har sanyi ya shigo, sa'ad da hanya ta bushe. Shawararsa ta hankali ce. Amma tabkin da ake gani da sanyi ya riga ya fara janyewa, ni kuwa ina son in ga lokacin da yake cika, in kuma san inda ruwansa ke fitowa.

Irin wannan tafiya, wadda mutum ke goya dukan kayansa a jaka guda, manyanmu sun san ta wurin samarin Turawa waɗanda suka riƙa ƙetaro Sahara ta Tamanrasat da Arlit da Agadas a shekarun 1970 da 1980. Rashin kwanciyar hankali ya tsinke wannan hanya. Ni dai ban ga abin da ya sa ɗan ƙasa ba zai yi ta cikin ƙasarsa ba, musamman mu ma'aikata da muka san titunan Yamai ɗaya bayan ɗaya, amma ba mu taɓa kwana a ƙauyen da muke rubuta sunansa cikin takardu ba. Jakata ba ta ɗauki abu mai yawa ba: riguna biyu, bargo, sange, tocila, buta, maganin masassara, da babbar leda wadda na naɗe kome a ciki. Wannan leda ta fi sauran kayan duka amfani.

Madarumfa tana kudu da Maraɗi, tafiyar kamar kilomita 25. Na shiga mota da hantsi, na sauka kafin azahar, gari garau. Ban kai bakin ruwa ba sai na ga gabas ta yi baƙi ƙirin. Iska ta taso da ƙura, awaki suka nufi gida da gudu, mata na kwashe shanya. Ni kuwa, baƙo mai ilmin lakkol, sai na ruga gindin wani babban gawo domin in fake. Wanda ya tashi a karkara ya riga ya gane wautata: gawo itace ne mai kaɗe ganyensa da damina, ya tofo da rani. Abin da ya sa manomi ke ƙaunarsa ke nan, domin ba ya hana hatsi rana. Na karanta wannan tun ina makarantar horon malamai, har na taɓa fassara shi cikin wata takarda ta aikin gona, amma sai da ruwa ya yi mini dukan tsiya ƙarƙashin rassa tsirara na tuna. Ban da haka ma, gindin dogon itace ba wurin tsayawa ba ne idan ana tsawa.

Wani dattijo masunci ne ya kira ni cikin rumfarsa. Da muka gaisa ya dubi jakata, ya dube ni, ya ce: «Malam, daga ina da wannan ruwa?» Na ce: «Baba, daga Yamai, tabki na zo gani.» Ya ce: «To, ka zo daidai, ga shi nan yana zuwa.» A lokacin na ɗauka ruwan sama yake nufi.

Shi ne ya sa jikansa ya raka ni na gai da masu gari, na kuma shaida wa jandarma zuwana da wuraren da nake son zagayawa. Mai karatu kada ya ɗauki wannan a kan ladabi kawai. Tun wajen 2019 ƴan bindiga masu satar shanu da kama mutane domin kuɗin fansa suka addabi ƙauyukan kan iyaka na jihar Maraɗi, gundumar Madarumfa tana cikin waɗanda abin ya shafa. An gaya mini inda zan tsaya, an kuma ce kada magariba ta same ni bayan gari. Na bi maganar. Masauki kuwa, wani malamin lakkol ya ba ni zaurensa.

Washegari na fita da sassafe. Rana ta fito, babu ko ɗigon hadari. Tabkin ya shimfiɗu har cikin gonaki, kukoki na tsaye ruwa ya kewaye gindinsu, balbelu sun yi fari fat bisa rassa, shamuwa kuma, wadda zuwanta ke shaida wa manomi damina ta kusa, tana kiwo cikin ciyawa. Na bi gefen ruwa na nufi kudu. Kan hanya na ƙetare wata ƙorama mai faɗin taki goma sha, rairayi ne kawai da ɗan danshi, ko takalmi ban tuɓe ba. Na wuce, na zauna wurin masu jan koma, na ci soyayyar karfasa, hira ta yi daɗi har bayan azahar.

Da na juyo, ƙoramar nan ta zama kogi. Ruwa ja wur yana gudu, yana ɗauke da karan dawa da rassan itace da wata matacciyar tunkiya. Sama kuwa tas, ko yayyafi ba a yi ba tun jiya. Na tsaya ina auna shi da ido, ina cewa ai bai wuce ƙugu ba, in na ɗora jaka bisa kai zan fita. Har na fara naɗe wando sai wata tsohuwa mai ɗauke da itace ta daka mini tsawa: «Kai ɗan nan, uwarka ta san kana nan? Zauna!» Na zauna. Muka yi jira mu bakwai, har da mai kabu-kabu da babur ɗinsa. Ta bayyana mini cewa ba zurfin ruwan ke kashe mutum ba, rairayin ƙasa ne ke zamewa ƙarƙashin ƙafa, ga kuma kututturen da ke tafe cikin ruwa ba a ganinsa. Sai bayan la'asar sakaliya ruwan ya rage, wasu samari da suka san mashigi suka riƙe hannunmu muka ƙetare ɗaya ɗaya. Na shiga gari ana kiran magariba.

Daren nan na koma wurin dattijon masunci, na kuwa gane maganarsa ta jiya. Ruwan da ya tare ni ba a Madarumfa ya sauka ba. Can kudu aka yi shi, wataƙila cikin dare, ya kwana yana tafiya. Haka tabkin kansa yake rayuwa. Gulbin Gabi, wanda ke zuba cikinsa, daga Najeriya yake fitowa. Gulbin Maraɗi ma daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya shigo Nijar ta wajen Nyelwa, ya wuce Madarumfa da Maraɗi da Tibiri da Gidan Rumji, sa'an nan ya sake komawa Najeriya ya haɗu da gulbin Rima. Ruwan da ke sauka bisa yankin kansa, kamar milimita 500 zuwa 600 a shekara, ba zai cika tabkin da kan kai kusan hekta 800 ba. Saboda haka masunci a nan ya fi kula da labarin hadarin kudu bisa ga wanda ke kansa, matafiyi ma ya kamata ya yi koyi da shi: kafin ka ƙetare busasshen rafi, tambayi abin da aka yi jiya a sama da shi.

Mutanen wannan kwari sun daɗe da sanin halin gulbi. A 1945 ambaliya ta rushe tsohon garin Maraɗi da ke cikin fadama, dalilin da ya sa aka mai da birnin bisa tudu inda yake yanzu. Da aka gina madatsar ruwa ta Jibiya a jihar Katsina, wajen 1990, sai kukan ya juya: ruwan da ke isowa ya ragu. A 2024 kuma ambaliya ta kashe mutum fiye da 300 a faɗin Nijar, jihar Maraɗi na cikin waɗanda suka fi jin jiki.

Rana ta uku ruwa ya wuni yana zuba, irin mai sanyi wanda ba ya tsawa. Ban je ko'ina da nisa ba. Na zauna rumfar masunta ana gyaran taru, suna lissafa mini kifayen tabki: karfasa, tarwaɗa, giwan ruwa, da gaiwa mai shigewa cikin laka ta yi rani a can. Kukansu ɗaya ne, kuma ina ganin gaskiyarsu: jan ruwan nan da na gani jiya ƙasar gonaki ce yake kwasowa, kowace damina yana zube ta cikin tabki, zurfi na raguwa. Inda aka sare itatuwan bakin rafi, nan zaizaya ta fi ci. A takarda dai tabkin yana da daraja. Tun 2006 Nijar ta sa shi, tare da gandun dajin Madarumfa da kaburburan waliyyai 99 da mutanen gari ke cewa suna kewaye da shi, cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta karɓa. A 2019 kuma an shigar da shi cikin yarjejeniyar Ramsar mai kare fadamu da tabkuna. Rairayi bai san da waɗannan takardu ba.

Da yamma ruwa ya tsagaita, wani yaro ya kai ni ɗaya daga cikin kaburburan. Wuri ne marar ado, mun tarar da mutum biyu suna addu'a cikin laka, muka tsaya nesa har suka shafa. Yaron ya so mu yi wanka a tabki kan hanyar komowa, na ƙi, domin ruwan kwance irin wannan shi ke ba da tsargiya. Sauro kuwa, da magariba ta yi sai ka ce an buɗe masa ƙofa. Wanda ya zo babu sange, da masassara zai koma gida.

Da asuba ta huɗu na naɗe kayana cikin leda, rigunan duka biyu ba su bushe ba. Na biya na sallami dattijon, ya ba ni ƙullin busasshen kifi, ya ƙi karɓar ko dala. A tasha direba ya ce ba zai tashi ba sai motar farko ta iso daga Maraɗi, ya ji yadda hanya ta kwana. Muka jira ta har ƙarfe tara.