Jiri da Kurumta Bayan Buguwar Kai: Inda Tiyata ke da Amfani

A Illela, garin da ke kan iyakar Nijeriya da Nijar daura da Birnin Ƙonni, babur ne abin hawan mafi yawan jama'a, kuma ɗan kabu-kabun da ya faɗi ba hular kwano yakan bugu a gefen kai, daidai ƙashin da kunnen ciki ke ɓoye a cikinsa. A wannan wuri akwai wata gaɓa mai siffar katantanwa wadda ke mayar da sauti saƙo zuwa ƙwaƙwalwa, da wasu bututu uku masu lanƙwasa da ke daidaita tsayuwar mutum, dukkansu cike da ruwa, shi ya sa bugu ɗaya kan haddasa jiri da kurumta tare.

Yawancin jirin ba ya buƙatar wuƙa, domin sau da yawa wasu ƙananan tsakuwoyin alli ne ke kaucewa daga mazauninsu su faɗa cikin bututun, likita kuma yakan mayar da su ta hanyar jujjuya kan majinyaci bisa tsarin da likitan Amurka John Epley ya wallafa a 1992. Tiyata tana shigowa ne idan ɗaya daga cikin tagogi biyun da ke raba kunnen tsakiya da na ciki ta yage, ruwan yana yoyo, jirin kuma yana ƙaruwa da tari ko ɗaukar kaya mai nauyi. Akan fara da kwanciya ta mako ɗaya ko biyu, kai a ɗage; idan abin ya ƙi, sai likita ya ɗaga dodon kunne ƙarƙashin madubin ƙara girma, ya toshe kafar da ɗan kitsen da ya yanko daga leɓen kunnen majinyacin. Wannan aiki ya fi maganin jiri fiye da dawo da ji, abin da ya kamata a faɗa wa dangi tun kafin su sayar da akuya.

Idan karayar ta ratsa katantanwar kanta, jin wannan kunnen ba ya dawowa sai da na'urar da ake dasawa a ciki, wadda tsadarta ta fi ƙarfin talaka, kuma jinkiri kan sa ƙashi ya cike gurbin. Ana yin gwajin ji da hoton ƙashin kai a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Farin ruwan da ke tsiyaya daga kunne bayan hatsari yana iya zama na ƙwaƙwalwa, don haka ɗiga man zaitun ko jiƙo a ciki na iya jawo sanƙarau.