Jawa, Tsibirin da Atamfa ta Samo Asali

'Yan kasuwa da dillalai, musamman ku masu harkar atamfa a Kantin Kwari, yau bayaninmu a kan Jawa ne. Wanda ya yi aikin hajji ya ga mutanen Jawa a Makka, ga su gajeru masu ladabi, mazansu ɗaure da zane. To, ku sani turmin Holan ɗin nan da kuke ciniki a kansa, tushensa yana ƙasarsu.

Jawa tsibiri ne a ƙasar Indonesiya, dogo siriri, daga gabas zuwa yamma ya kai mil 600 da 'yan kai. Mutanensa sun haura miliyan 150, watau fiye da rabin jama'ar ƙasar duka, kuma babu wani tsibiri a duniya da ya kai shi yawan jama'a. Jakarta, birni mafi girma a ƙasar, tana cikinsa. Mutum zai ce ina abincin da zai ciyar da wannan taro? Amsar tana ga duwatsu masu aman wuta da suka jeru a tsakiyar tsibirin. Mafi tsawonsu shi ne Semeru, ƙafa 12,000 da ɗoriya. Akwai kuma Merapi, wanda ya yi aman wuta a 2010 ya hallaka mutum fiye da 300. Amma tokar da suke zubarwa taki ce ta gaske. Ga ruwan sama isasshe, saboda haka ana girbin shinkafa sau biyu, wani wurin har sau uku a shekara. Shi ya sa manomi ba ya yarda ya bar gindin dutsen, ko da ya san halinsa.

Kafin Musulunci sun yi manyan dauloli masu addinin Hindu da na Buda, ta ƙarshensu mai ƙarfi ita ce Majapahit, wadda aka kafa a 1293. Musulunci kuwa ta hanyar fatauci ya shigo, ta garuruwan bakin teku na arewa, kamar dai yadda Wangarawa suka kawo shi Kano. Yau mafi yawansu Musulmi ne. Daga baya kamfanin Turawan Holan ya zo neman kayan yaji, ya kafa Batabiya a 1619, ita ce Jakarta ta yanzu. A 1830 gwamnatin Holan ta tilasta wa talakawa noman gahawa da rake da baba don a kai Turai, har yunwa ta faɗa wa wasu yankuna. Indonesiya ta yi shelar 'yancin kai a 1945, Holan ba ta amince ba sai 1949.

Yanzu ga inda zancen ya shafe mu. Tufafinsu na gargajiya zane ne da suke kira batik. Namiji ya ɗaura shi, ya sa taguwa, da wata 'yar hula ta naɗaɗɗen batik mai suna balankon, ran biki kuma ya soke wuƙar gado a ƙugu ta baya. Mace ta ɗaura zanen da riga mai dogon hannu, kebaya. Yadda ake yinsa: a narka kaki, a ɗiba da wani ɗan cokalin jan ƙarfe mai siririn baki, a zana ado a kan farin yadi ciki da bai. Sai a tsoma a rini, inda kaki ya rufe rini ba ya kamawa. A dafa a cire kakin, a sake zanawa, a sake tsomawa, launi bayan launi. Shuɗinsu na baba ne, irin na marinar Ƙofar Mata, ja-ja ɗin kuma daga ɓawon itace. Zane ɗaya mai kyau yakan ci watanni a hannun mace guda, kuɗinsa kuwa ba a magana. A fadar Yogyakarta da ta Solo akwai adon da a da talaka bai isa ya ɗaura ba, kamar wanda ake ce wa parang, sai jinin sarauta. Garuruwan bakin teku irin su Pekalongan su ne masu launi mai haske da furanni, don sun cuɗanya da Sinawa da Larabawa.

Turawan Holan suka ga kasuwa, suka shiga kwaikwayon batik da inji don su sayar wa Jawawa da araha. Jawawa suka ƙi, domin kakin inji yana tsattsagewa, rini ya kutsa ya bar jijiyoyi a jikin zanen, a wurinsu wannan aibi ne. Wajen 1890 wani ɗan kasuwa mutumin Sikotilan, Brown Fleming, ya karkata kayan zuwa Gwalkwas, Gana ta yanzu, nan kuwa jijiyar ta zama abin so. Dama akwai sanayya, don tsakanin 1831 da 1872 Holan ta ɗebi soja wajen 3,000 ta tashar Elmina zuwa Jawa, wasunsu suka komo gida. Kamfanin Vlisco na garin Helmond, wanda aka kafa a 1846, har yau yana buga atamfa don kasuwannin Afirka.

Don haka dillali ya lura, atamfar kaki ta gaske launinta ɗaya ne ciki da bai, jijiyoyinta kuma ba sa maimaita kansu daidai wa daida daga yadi zuwa yadi. Wadda aka buga da fenti kawai, juya ta ka ga bayanta ya koɗe. Su ma Jawawa abin ya same su, don bugun inji mai araha, har da na Sin, ya cika kasuwanninsu yana karya masu aikin hannu. A 2009 hukumar UNESCO ta sa batik cikin kayan gadon duniya, ran 2 ga Oktoba ta zama ranar batik a ƙasar, ma'aikata da yawa kuma sukan sa shi ran Juma'a.