Biskit ɗin mai ciwon sukari da kwanon da ke gida

Duk wanda likita ya ce masa sukarinsa ya hau, kafin ya kai gida ya sha shawarwari: bar tuwo, bar fura, a aiko maka da biskit na musamman daga Yamai. Irin wannan kaya mai rubutun "sans sucre" a goshi yakan biyo masu zuwa ganin gida har Tibiri da Kore Mairuwa, wani kuma ya shigo daga Najeriya. Salon tsoho ne a Amurka. Tun 1972 likita Robert Atkins ya fitar da littafinsa na rage abinci mai sitaci, kamfanoni kuma suka mayar da abin haja.

Ka juya kwalin ka duba bayansa. A ƙananan rubutun akwai layin "glucides", a ƙasansa "dont sucres". Layi na biyu kaɗai tallan goshi yake magana a kai. Sau da yawa na farkon ya haura rabin nauyin biskit ɗin, domin fulawa ce, ita kuwa fulawa da ta shiga ciki sukari take zama. Inda aka rage fulawar da gaske, an cike gurbinta da mai da gishiri da sinadaran zaƙi irin su maltitol, wanda idan ya yi yawa yake kawo kumburin ciki da zawo. Lambar hukumar NAFDAC ta Najeriya da wasu ke dogara da ita shaidar rajista ce, ba ta ce kayan maganin kowa ba ne.

A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a dogara da sinadaran da ke maye gurbin sukari don rage ƙiba. A shekarar ce kuma ta ce babba ya samu aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itace a rana, sitacinsa kuma ya fito daga hatsi da ba a raba shi da dusarsa ba, da wake da danginsa. A 2019 wani mai bincike, Kevin Hall, ya gwada mutum 20 a Amurka: a makonnin da aka ba su abincin kamfani, sun riƙa cin ƙarin kusan kalori 500 a rana.

To, mutumin Arewa me ya rasa a nan? Wake yana rumbu, Nijar ma tana sahun gaba a duniya wajen nomansa. Yana da sitaci, amma a hankali yake shiga jini. Ga kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, ga rama, ga kabeji da tumatir na lambunan fadama idan sanyi ya shigo, ga ƙwan zabi da damina. A ganina matsalar tana cikin kwano: malmala biyu da miya cokali uku, gero da aka surfe fes, fura da aka ɗura wa sukari, sai shayi zagaye uku bayan la'asar, kowanne ya fi na baya zaƙi. Wanda ya rage malmala ɗaya, ya yawaita miyar ganye, ya dama furarsa da nono zalla, ya fi mai biskit riba, kuɗinsa kuma suna aljihu.

Ban ce kayan kwali haramun ne ba. Matafiyi a tasha zai iya rage yunwa da su, ko da yake gyaɗar dala ashirin za ta yi masa wannan aiki. Amma mai shan ƙwayar sukari ko mai allurar insulin kada ya yanke tuwo dare ɗaya bisa maganar mai kanti. Sukari yana iya faɗuwa, a ga zufa da rawar jiki, har suma. Ya fara zuwa asibiti a auna shi, a daidaita masa magani da abin da zai riƙa ci.