Yadda sansanin horon tseren keke da tirayatalon ke gina ɗan wasa, da yadda yake iya karya shi

Daga watan Disamba zuwa Maris na kowace shekara, lokacin da sanyi ke rufe arewacin Turai, hanyoyin tsaunukan ƙasar Sifaniya kan cika da mahaya keke. Manyan ƙungiyoyin tseren keke na duniya kan yada zango a garin Kalpe da ke bakin teku, wasu kuma su nufi tsibirin Mayorka ko tsibiran Kanari. Tare da su akwai dubban mutanen da wasan ba sana'arsu ba ce, waɗanda ke tara kuɗi su ɗauki hutun aiki na mako guda domin shiga sansanin horo.

Wanda bai san harkar ba zai ɗauka cewa sansanin wuri ne na gwada jarumta, inda wanda ya fi shan wahala shi ne ya fi amfana. Masu horarwa ba haka suke kallonsa ba. A wurinsu, awannin da ake yi a kan sirdi rabin aikin ne kawai. Sauran rabin yana cikin abinci da barci da hutu, kuma a nan ne ake gane wanda zai koma gida da ƙarin ƙarfi da wanda zai koma da rauni.

Mene ne tirayatalon?

Tirayatalon gasa ce ta wasanni uku a jere ba tare da hutu ba: ninƙaya, tseren keke, sannan gudu. An fara ta a yanayinta na zamani a birnin San Diyego na Amurka a shekarar 1974, ta kuma shiga gasar Olamfik a Sidni a shekarar 2000. A ma'aunin Olamfik, ɗan wasa kan yi ninƙayar kilomita 1.5, ya tuƙa keke kilomita 40, ya rufe da gudun kilomita 10.

Akwai kuma mai dogon zango da aka fi sani da Ironman, wadda aka fara a Hawai a shekarar 1978 da mutum 15, inda 12 suka kai ƙarshe. A cikinta ana ninƙayar kilomita 3.8, da tuƙin keke na kilomita 180, sannan cikakken gudun fanfalaki na kilomita 42.2, duk a yini guda. Gordon Haller, wanda ya lashe ta farko, ya shafe awa 11 da minti 46.

Shirya wa irin wannan gasa na buƙatar lokaci mai yawa, abin da mai aikin ofis ko mai shago ba ya samu a gida. Wannan ne dalilin sansani: a raba mutum da hidimomin yau da kullum na kwana biyar zuwa makonni uku, ta yadda ba shi da aiki sai horo da ci da barci.

Yadda yini ke gudana

Tsarin ya bambanta daga sansani zuwa sansani, amma ginshiƙinsa ɗaya ne. A sansanin tirayatalon, akan fara da ninƙaya ta kimanin awa guda da sassafe, sannan a yi karin kumallo. Daga nan sai a fita da kekuna rukuni-rukuni gwargwadon ƙarfin mahaya, a yi awa uku zuwa biyar a hanya. A wasu ranaku, da zarar an sauka daga keke sai a sa takalmin gudu a yi ɗan gajeren gudu. Manufar ita ce ƙafafu su saba da sauyin, domin duk wanda ya taɓa gwadawa ya san yadda cinyoyi ke yin nauyi a mintunan farko bayan dogon tuƙi.

Da rana akan huta, da yamma a duba kekuna: birki, sarƙa, giya da iskar taya. Bayan abincin dare, mai horarwa kan yi bayanin hanyar gobe da darussa kan cin abinci ko dabarun sauka daga tsauni, wanda shi ne ɓangaren da ya fi haɗari a tuƙi.

Mafi yawan sansanoni na bin tsarin kwana biyu ko uku na aiki mai nauyi, sannan yini guda mai sauƙi. Ƙwararrun mahaya kan yi awa 25 zuwa 30 a mako. Abin da ke ba baƙo mamaki shi ne yawancin waɗannan awanni ana yin su ne a sannu, da saurin da mutum zai iya hira da na kusa da shi. Masanin kimiyyar wasanni Stephen Seiler ya yi suna wajen nuna cewa manyan 'yan wasan dogon zango na yin kusan kashi 80 cikin 100 na horonsu a sauƙaƙe, kashi 20 ne kawai ke da tsanani.

Dalilin da ya sa hutu ya zama horo

Horo mai nauyi ba ya ƙara wa jiki ƙarfi nan take. Hasali ma rage shi yake yi: yana ƙarar da makamashin da ke ajiye a tsoka, yana kuma haifar da ƙananan raunuka a cikinta. Sai a lokacin hutu, musamman barci, jiki ke gyara ɓarnar, ya ɗan ƙara a kan yadda yake a da. Idan aka ɗora sabon nauyi kafin gyaran ya kammala, kuma aka ci gaba da haka, sai ƙarfi ya riƙa raguwa.

A nan ne sababbin shiga suka fi faɗawa tarko. Mutumin da ya saba da awa shida a mako zai tsinci kansa cikin baƙi, a hanya mai kyau, sai zuciya ta ɗebe shi ya shiga tsere da waɗanda suka fi shi a hawan tudun farko. Kwana biyu yana gaba, a rana ta huɗu gwiwa ta kumbura ko mura ta kwantar da shi. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa, kuma babu inda maganar ta fi dacewa kamar a makon sansani.

Alamomin da masu horarwa ke lura da su sun haɗa da ƙaruwar bugun zuciya da safe kafin a tashi daga gado, rashin barci duk da gajiya, rashin son abinci, saurin fushi, da kasa kai saurin da aka saba. Duk wanda ya ga waɗannan, abin da ya dace shi ne ya zauna a masauki ranar, ko da abokansa sun fita.

Abinci da ruwa

Makamashin da jiki ke ajiyewa a tsoka da hanta kan ƙare cikin kimanin awa ɗaya da rabi zuwa biyu na aiki mai tsanani. Idan ya ƙare, ƙafafu kan mutu, jiri ya taso, tunani ya rikice. Saboda haka ake koya wa mahaya su ci tun kafin su ji yunwa. Shawarar da aka fi bayarwa a dogon tuƙi ita ce giram 60 zuwa 90 na abinci mai sitaci ko sukari a kowace awa. Ba dole sai kayan kanti masu tsada ba: ayaba, dabino, dunƙulen shinkafa da burodi da zuma duk suna yin aikin.

A yanayin zafi, mahayi na iya zubar da gumin lita ɗaya zuwa biyu a awa guda. Hanya mai sauƙi ta sanin abin da aka rasa ita ce hawa sikeli kafin fita da bayan dawowa, domin kilo ɗaya da ya ragu daidai yake da kusan lita ɗaya ta ruwa. Sai dai shan ruwa zalla fiye da kima ma haɗari ne, domin yana tsarma gishirin da ke cikin jini, abin da ya taɓa kashe 'yan wasa a gasannin dogon zango. Don haka ake haɗa ruwan da ɗan gishiri.

Jiki kan ɗauki kwana 10 zuwa 14 kafin ya saba da aiki cikin zafi. Rikicewar tunani ko tangaɗi a tsakiyar rana alama ce ta bugun zafi, wanda ke buƙatar a sanyaya jikin mutum nan take a kai shi asibiti.

Shan ƙwaya domin danne gajiya kuwa ya sha jefa mahaya cikin halaka. Tom Simpson na Birtaniya ya faɗi ya mutu a tsaunin Bantu na Faransa a gasar Tour de France ta 1967, cikin tsananin zafi, kuma an samu ƙwayoyin ƙara kuzari a jikinsa. Hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta haramta tiramadol a lokacin gasa tun shekarar 2019, kuma a kansa aka soke sakamakon Nairo Quintana na Kolombiya a gasar ta 2022.

Sirrin tsaunuka

Kafin manyan gasanni, ƙwararru kan koma sansanonin kan tsauni, kamar na dutsen Teide da ke tsibirin Tenerife, inda suke kwana a tsawon sama da mita 2,000. A irin wannan wuri iskar da ake shaƙa ba ta wadatar da jini kamar a ƙasa, sai ƙoda ta ƙara fitar da sinadarin da ke sa ɓargo ya ƙera jajayen ƙwayoyin jini. Bayan makonni uku zuwa huɗu, jinin ɗan wasa kan iya ɗaukar iskar oksijin fiye da da. Wani bincike da Benjamin Levine da James Stray-Gundersen suka wallafa a 1997 ya ƙarfafa tsarin kwana a kan tsauni, a sauko ƙasa domin horo mai tsanani.

Akwai gargaɗin da ya shafi 'yan Najeriya kai tsaye. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a ƙasar na ɗauke da rukunin jini na AS. Masu wannan rukuni na yin wasanni lafiya, har su kai matakin ƙoli, amma haɗuwar tsayin wuri da ƙishirwa da aiki mai tsanani na iya jawo musu matsalar saifa ko faɗuwa kwatsam. Sanin rukunin jini da neman shawarar likita kafin tafiya wajibi ne.

Inda Afirka ta tsaya

Gabashin Afirka na cin moriyar tsaunukanta. Garin Iten na Kenya, mai tsawon kimanin mita 2,400, ya zama matattarar masu gudun dogon zango daga sassan duniya. Biniam Girmay na Eritiriya, wanda ya tashi a Asmara mai tsawon sama da mita 2,300, ya lashe zango uku tare da koriyar riga a Tour de France ta 2024. Ruwanda ta kafa cibiyar horon mahaya a Musanze, kuma a watan Satumban 2025 birnin Kigali ya karɓi baƙuncin gasar tseren keke ta duniya a kan titi, karo na farko a nahiyar.

A Najeriya, Ese Ukpeseraye ce ta fara wakiltar ƙasar a tseren keke na Olamfik, a Paris a 2024, inda sai da tawagar Jamus ta ara mata keken da ta shiga tseren cikin fili da shi. Labarin ya nuna akwai masu hazaƙa, tanadi ne ya yi ƙaranci. Ƙasar na da filin tseren keke a babban filin wasa na Abuja, wanda aka gina domin gasar wasannin Afirka ta 2003. Tana kuma da Jos mai tsawon kimanin mita 1,200, da Obudu da Mambila da suka kai kimanin mita 1,600. Tsawon waɗannan wurare bai kai na Iten ba, amma sanyinsu da hawa da gangarensu sun isa a gina sansanoni masu ma'ana, muddin aka samu hanyoyi masu kyau da tsaro da motar rakiya.

Ninƙaya ce ta fi zama ƙalubale. Wuraren ninƙaya na zamani ba su da yawa, shiga madatsun ruwa da tafkuna kuwa na tattare da haɗarin cutar tsargiya da nutsewa. Bai kamata a yi horo a buɗaɗɗen ruwa ba sai da masu ceto a kusa.

Ga mai niyyar shiga

Ba a fafe gora ranar tafiya. Mai son shiga sansani na buƙatar makonni takwas zuwa goma sha biyu yana ƙara awanninsa kaɗan-kaɗan, ya kuma ga likita ya duba zuciya da hawan jini, musamman idan ya haura shekara 40. Ya daidaita tsawon sirdinsa tun a gida, kada ya sauya takalmi ko sirdi a makon tafiya. Ya tafi da hular kwano, da tub na canji, da kayan faci, ya kuma koyi tuƙi cikin rukuni kafin ya shiga tsakiyar mahaya ashirin. A ranar farko, ya zaɓi rukunin da ya ɗan gaza ƙarfinsa, domin hawa sama a rana ta uku ya fi sauƙi a kan saukowa da ciwo.

Bayan dawowa gida, masu horarwa na ba da shawarar a yi kwana biyar zuwa bakwai ana motsa jiki a hankali tare da wadataccen barci. Amfanin sansanin ba ya bayyana a ranar rufewa, sai bayan mako biyu ko uku, lokacin da jiki ya gama gyara kansa.